Idan mai cin zarafin shi ne kwastoma, wa zai tsaya wa ma'aikaciya?

Tun ranar 26 ga Oktoba, 2024, doka a Birtaniya ta ɗora wa duk mai ɗaukar ma'aikata nauyin ɗaukar matakan da suka dace don hana a ci zarafin ma'aikatansa ta hanyar neman lalata, ba wai ya zauna sai an kawo masa kuka ba. Gyara ne aka yi wa dokar daidaito ta 2010, kuma idan ma'aikaciya ta yi nasara a kotun ma'aikata, aka gano cewa kamfanin bai yi komai ba tun farko, alƙali na iya ƙara har kashi 25 cikin ɗari a kan diyyarta. Maganar ta shafe mu, domin 'ya'yanmu da ƙannenmu da ke karatu a can da yawa a gidajen abinci da otal-otal suke cike awa 20 ɗin da biza ta yarje musu a mako.

A ganina dokar ta kama hanya, sai dai ta tsaya ba ta kai inda ciwon yake ba. A otal da gidan abinci, mai kai hannu sau da yawa ba abokin aiki ba ne, kwastoma ne. Shi ne wanda yarinya ta sunkuya za ta ajiye masa faranti, ya riƙe mata hannu yana tambayar ƙarfe nawa take tashi, manaja yana gani ya kau da kai don kada ciniki ya tsere. A Janairun 2018 wata 'yar jaridar Financial Times ta saje da matan da aka ɗauka hidima a liyafar Presidents Club, ta maza zalla, a otal ɗin Dorchester da ke Landan, ta fallasa yadda baƙi suka riƙa taɓa su, bayan an tsara musu irin kayan da za su sa, an kuma sa su rattaba hannu kan takardar yin shiru. Duk da wannan abin kunya, da ƙudurin wannan doka ya isa Majalisar Dattawa sai aka cire sashen da zai ba ma'aikaciya damar kai ƙarar wanda ya ɗauke ta aiki kan abin da kwastoma ya yi mata. Hukumar daidaito ta EHRC ta ce nauyin rigakafin ya haɗa da kwastoma, amma hukumar ce kaɗai ke iya bin sawu. Ƙudurin haƙƙin ma'aikata da gwamnatin Labour ta gabatar a Oktoban 2024 ne ya dawo da wannan sashe.

Masu cewa ai ta kai ƙara mana, sun manta wa ke riƙe da jadawalin aiki. Wadda kwantiraginta bai tabbatar mata da ko awa ɗaya ba, ba sai an kore ta ba. Sunanta ne kawai zai ɓace daga jadawalin mako mai zuwa. Idan baƙuwa ce, ko mai hijabi da aka riga aka mayar bayan kicin don kada a gan ta a gaba, wariya ta haɗu da tsoro ke nan.

Takarda kuma ba ta wadatar. Kamfanin McDonald's ya sa hannu kan yarjejeniyar kare ma'aikatansa daga cin zarafi da EHRC a Fabrairun 2023, amma a Yulin shekarar BBC ta kawo koken ma'aikatansa fiye da 100. Abin da zan duba a wurin aiki shi ne ko ana barin mace ita kaɗai ta kai abinci ɗakin baƙo da tsakar dare, ko akwai wani da za ta gaya wa ban da manajan da ke raba awanni, da kuma ko an taɓa tashin kwastoma daga teburinsa aka nuna masa ƙofa, kuɗinsa a hannu.