Ihun "Ɓarawo!" Ba Shaida Ba Ne

Ranar Talatar da ta wuce, bayan sallar La'asar, ina tsaye a bakin titi ina jiran adaidaita sahu, sai na ji an kwarma ihu: "Ɓarawo! Ɓarawon waya!" Kafin in waiwaya an riga an tare wani yaro da bai fi shekara goma sha tara ba. Wani ya ɗauko gora, wani dutse, wani kuma ya sauko daga babur ɗinsa ya shiga duka ko tambayar abin da ya faru bai yi ba. Na matsa kusa na tambayi mutum uku cikin masu dukan wa ya ga lokacin da yaron ya ɗauki wayar. Kowanne amsarsa ɗaya: "Ai cewa aka yi shi ne." Tun ranar abin yake cina a rai, shi ya sa na zauna yin wannan dogon rubutu. Ku yi haƙuri ku karanta har ƙarshe kafin ku yanke mini hukunci.

Na san zafin ƙwacen waya. Ni ma an taɓa ɗora mini wuƙa a wuya a cikin lungu da magariba aka karɓe tawa, kuma da na kai ƙara wani ofishin 'yan sanda sai aka ce in kawo kuɗin man mota kafin a fita bincike. Wayar ba ta dawo ba har yau. Saboda haka ba daga kan kujera mai laushi nake wannan magana ba. Amma daidai wannan zafin da na ji shi ne dalilin da ya sa bai kamata a bar ni in zama alƙali a kan wanda nake zargi ba. A daren nan da an kawo mini kowane yaro mai tsawo irin na wanda ya tare ni, wallahi da na rantse shi ne.

Nan ne asalin doka yake. Mutum mai jin ciwo ba ya gani daidai, don haka al'ummomi suka yarda a ɗauke sandar hukunci daga hannun wanda aka cuta a miƙa ta ga wani na uku wanda ba shi da rabo a rigimar, wanda zai saurari ɓangare biyu, ya nemi hujja, sannan ya yanke. Wannan na ukun shi ne hukuma. Wani masanin Jamus, Max Weber, ya bayyana a 1919 cewa abin da ya bambanta hukuma da kowace ƙungiya shi ne ita kaɗai ce ke da halastaccen ikon amfani da ƙarfi a cikin iyakar ƙasarta. Kakanninmu ba su jira shi ba. Tun da can idan aka kama ɓarawo a kasuwa, gaban mai unguwa ake kai shi, daga nan sai dagaci, sai hakimi, sai alƙali, kuma shari'ar kisa ba ta ƙarewa sai ta je majalisar sarki. Dogarai ne ke kamawa, ba kowa da kowa ba.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne masu cewa ai wannan tunanin boko ne, mu Musulunci muke bi. To mu je ga Musuluncin. Manzon Allah (SAW) ya kafa ƙa'ida cewa kawo hujja yana kan mai ƙara, rantsuwa kuma tana kan wanda ya musanta. Ma'ana, wanda ake zargi ba shi ne zai wahala wajen wanke kansa ba, kai mai zargi kai ne za ka kawo shaidu. A Suratul Hujurati Allah ya ce idan fasiƙi ya zo muku da labari ku yi bincike, don kada ku cutar da mutane cikin jahilci ku wayi gari kuna nadama. Wani sahabi mai suna Ma'izu ya zo wurin Annabi da ƙafarsa yana iƙirarin zina, Annabi ya riƙa kawar da kai daga gare shi, ya tambaya ko yana da taɓin hankali, ko ya sha wani abu. Mutum ne fa da ya amsa laifinsa da bakinsa, amma sai da aka bi waɗannan matakai. Malaman fiƙihu sun ce ana tunkuɗe haddi da shubuha, kuma sun haɗu a kan cewa tsayar da haddi aikin shugaba ne ko wanda ya wakilta. Ko haddin sata ma yana da sharuɗɗa: sai abin da aka sata ya kai nisabi, sai an ɗauke shi daga ma'ajiyarsa, sai an samu shaidu adalai biyu ko iƙirari. Bayan duk wannan, hukuncin yanke hannu ne. A wane littafi aka ce a rataya wa ɓarawo taya a cinna wuta, alhali hadisi ya tabbata cewa ba mai azaba da wuta sai Ubangijin wuta?

Hatta wanda aka kashe masa ɗan'uwa, wanda Alƙur'ani ya ba shi haƙƙin ƙisasi, an ce masa a Suratul Isra'i kada ya wuce iyaka wajen kisa. Zaɓi yana hannunsa, ko ƙisasi ko diyya ko yafiya, amma tabbatar da laifin a gaban alƙali ake yinsa.

Tsarin mulkin Najeriya na 1999, wanda da yawanmu ba mu taɓa buɗewa ba, a wannan gaɓar bai saɓa da abin da ke sama ba. Sashe na 33 ya ce ba a raba mutum da ransa sai don zartar da hukuncin kotu a kan laifin da aka same shi da shi. Sashe na 36 ya ce duk wanda ake tuhuma ana ɗaukarsa marar laifi har sai an tabbatar da laifinsa, kuma ba a hukunta kowa sai a kan laifin da rubutacciyar doka ta fayyace tare da hukuncinsa. Sashe na 35 ya ce wanda aka kama a gurfanar da shi gaban kotu cikin kwana ɗaya idan akwai kotu a tazarar kilomita 40, in babu kuwa kwana biyu ko gwargwadon abin da kotu ta ga ya dace. Waɗannan ba gata ne da aka yi wa ɓarayi ba. Ni da kai aka rubuta wa su, domin ranar da ihu zai biyo mu a garin da ba a san mu ba.

Kuma ranar ta zo mana. A ƙarshen watan Maris na 2025, cikin goman ƙarshe na azumi, 'yan sintiri suka tare wata babbar mota a Uromi ta Jihar Edo. Mafarauta ne 'yan Arewa da ke kan hanyar komawa Kano yin Sallah daga Jihar Ribas. Aka ga bindigogin farauta, aka ce masu garkuwa da mutane ne, taron jama'a ya kashe mutum 16, wasu aka ƙone su. Duk mun yi kuka, kuma tambayar da kowa ya riƙa yi a lokacin ita ce: me ya hana a miƙa su ga 'yan sanda a bincika? Tambaya ce mai kyau ƙwarai. Amma ita ce tambayar da ya kamata mu yi a Sakkwato a watan Mayu na 2022 lokacin da aka kashe ɗaliba a kwalejin ilimi bisa zargin ɓatanci, da kuma a Yunin 2023 lokacin da aka kashe wani mahauci a garin bisa irin wannan zargi. Ita ce mutanen Ribas suka yi a 2012 bayan an kashe ɗaliban jami'a huɗu a Aluu da sunan ɓarayi ne. Na san wasu za su fusata da na haɗa waɗannan a layi ɗaya, kuma ni ma ina jin zafin taɓa mutuncin Annabi (SAW) kamar kowane Musulmi. Sai dai ƙa'idar ba ta rabuwa biyu. Mutanen Uromi su ma sun tabbata a ransu cewa suna da gaskiya, su ma an sace musu 'yan'uwa. Idan tabbacin zuciyar taron jama'a ya isa hujjar kisa a garinmu, to ya isa a nasu.

Yanzu bari in juya ga hukuma, domin idan ɓera da sata, daddawa ma da wari.

Ikon hukunci da muka miƙa wa gwamnati amana ce mai sharaɗi. Mun ajiye sandunanmu ne bisa alƙawarin za ta kare mu kuma ta yi mana adalci. Sashe na 14 na tsarin mulkin ya faɗa ƙarara cewa tsaro da walwalar jama'a su ne babban maƙasudin gwamnati. Abin lura shi ne wannan sashe yana cikin babi na biyu, wanda sashe na 6 ya hana kotuna tilasta aiwatar da shi. Wato babban alƙawarin da aka yi mana ba za ka iya kai ƙara a kansa kai tsaye ba, sai dai ka jira ranar zaɓe. Shi ya sa nake ganin wajibi ne mu riƙa tuna musu da shi da babbar murya.

Mutumin da ya kama ɓarawo ya miƙa shi, bayan kwana uku ya gan shi a majalisar unguwa yana yi masa kallon za mu haɗu, me kake so ya yi a karo na biyu? A ɗaya gefen kuma, kusan kashi biyu cikin uku na mutanen da ke gidajen gyaran hali a ƙasar nan jiran shari'a suke yi, ba a yanke musu hukunci ba. Mai uwa a gindin murhu yana fita da yamma, marar galihu yana shekaru a tsare a kan laifin da ko an same shi da shi hukuncinsa wata shida ne. An yi dokar gudanar da shari'ar laifuka a 2015 don rage wannan jinkiri, an rubuta "beli kyauta ne" a bango, amma kowa ya san abin da ake tararwa. Annabi (SAW) ya ce abin da ya halaka mutanen da suka gabata shi ne idan babba ya yi sata sai su ƙyale shi, idan mai rauni ya yi sai su tsayar masa da haddi. Dokar da ke cizon talaka kaɗai, talaka ba zai daɗe yana girmama ta ba.

Mun ga inda wannan hanya take kaiwa. A Zamfara, da satar shanu da fashi suka yi yawa hukuma ta yi nisa, sai mutane suka kafa 'yan sa-kai. Aka fara kama waɗanda ake zargi ana kashewa a kasuwanni ba shari'a, aka haɗa da masu laifi da marasa laifi, 'yan'uwan waɗanda aka kashe suka shiga daji neman fansa. Ba shi kaɗai ne sanadin ta'addancin 'yan bindiga ba, amma ya zuba wa wutar fetur, ga shi yau akwai ƙauyukan da sai sun biya 'yan bindiga haraji kafin su yi noma. A irin waɗannan wurare ɗan bindiga ne ke karɓar haraji, shi ke raba rigima, shi ke yanke hukunci, ba ɗaukaka ƙara. Shehu Abdullahi ɗan Fodiyo da ya zo Kano a lokacin jihadi, littafin da ya rubuta wa mutanen garin, Liya'ul Hukkami, a kan yadda ake mulki da shari'a ne, domin ya san cin gari da yaƙi ya fi tsayar da adalci a cikinsa sauƙi.

Don haka buƙatata biyu ce, kuma ba na yarda a ɗauki ɗaya a bar ɗaya. Gwamnati ta hukunta masu kisan taron dangi a ko'ina suke, a Uromi ko a Sakkwato, a bainar jama'a a ga ƙarshen shari'ar. Ta kuma sa kai ƙara ya zama abin da talaka zai yi ba tare da ya sayar da akuyarsa ba. Mu kuma 'yan sintirin unguwanninmu, waɗanda nake girmama sadaukarwarsu, su san iyakarsu: doka ta yarda ka kama wanda ka gani yana aikata laifi, da sharaɗin ka miƙa shi ga 'yan sanda ba tare da ɓata lokaci ba. Duka da ɗauri da tilasta iƙirari ba sa ciki.

Yaron nan na ranar Talata, wani dattijo mai shagon kayan masarufi ne ya cece shi. Ya ratsa taron, ya ja shi cikin shago, ya tsaya a bakin ƙofa ya ce, "'Ya'yana, duk wanda ya ga ya ɗauka da idonsa ya matso, mu tafi ofis tare ya ba da shaida." Ba wanda ya matso. Aka caje yaron ba a samu waya a jikinsa ba, mai wayar ma da aka neme shi ya ce shi ta baya aka fizge, bai ga fuska ba. Da motar 'yan sanda ta iso, sai da aka fara wucewa da yaron asibiti, domin an fasa masa kai kuma hannunsa na dama ya karye.