Ba sayen na'ura ne matsalar ba

Wani labari kan binciken laifi ya tsaya kan kuɗin sayen na'urorin gwajin DNA (ƙwayoyin halittar da ake gane mutum da su), amma ba nan gizo ke saƙa ba. Wasu sinadaran gwajin sai firiza mai sanyin digiri 20 ƙasa da sifiri. Wuta ta ɗauke babu dizal, sun tashi aiki. A ware kuɗin sinadari, man janareta da gyara duk shekara.

Kuma tun daga inda aka ɗauko ta, misali Zariya, ake ɓata shaida. Riga mai jini a ƙulle ta a leda, kafin ta kai ɗakin gwaji a Legas ta yi fumfuna. Shanya ta ake a inuwa, a sa a ambulan na takarda, a liƙe, duk wanda ya karɓa ya sa hannu da kwanan wata. Sa hannu ɗaya ya ɓace, lauya ya samu ƙofa. Mai duba ingancin ɗakin gwajin kuma kada ya fito daga cikin 'yan sanda.