Kashi 5 na NATO, daga aljihun wa?

A taron ƙolin ƙungiyar tsaro ta NATO na birnin Hague a watan Yunin 2025, ƙasashen ƙawancen sun yi alkawarin kashe kashi 5 cikin 100 na arzikin da suke samarwa a shekara kan tsaro kafin 2035: kashi 3.5 na sojoji da makamai, 1.5 na hanyoyi, tashoshin jiragen ruwa da kariyar intanet. Sifaniya ce ta noƙe. Abin haushin shi ne inda ake yanko kuɗin.

Tun watan Fabrairun shekarar, Firaministan Birtaniya Keir Starmer ya buɗe wannan ƙofa. Ya ce Birtaniya za ta rage tallafin raya ƙasashe daga kashi 0.5 zuwa 0.3 na kuɗin shigar ƙasa, don kasafin soja ya kai kashi 2.5 na arzikin ƙasa a 2027. Ministar da ke riƙe da sashen, Anneliese Dodds, ta ajiye aiki. Masu cewa Rasha na bakin ƙofa ba ƙarya suka yi ba, amma wannan bai zama hujjar rufe asibitin haihuwa a Sudan ba.

Ma'aunin kansa gurgu ne. Yana ƙirga abin da aka zuba, babu ruwansa da abin da aka samu. Fanshon tsofaffin sojoji na cikin lissafin NATO. Idan tattalin arziki ya durƙushe, kason tsaro kan hau ko ba a sayi harsashi ɗaya ba. Idan kuma aka kwararo kuɗi alhali masana'antun makamai ba su faɗaɗa ba, farashi ne ke tashi, rumbun makamai yana nan yadda yake. Ma'aikatar tsaron Amurka ma, uwa a bakin murhu, tun 2018 ake binciken littattafan kuɗinta tana kasa tsallakewa.

Cibiyar binciken zaman lafiya ta SIPRI ta ce duniya ta kashe dala tiriliyan 2.7 kan soja a 2024. Tallafin da ƙasashe masu arziki suka bayar a shekarar dala biliyan 212 ne, bai kai ɗaya bisa goma sha biyu ba. Ko an kwashe shi kaf, ba zai cike ramin kuɗin soja ba.

Kuma an gwada sayen tsaro da kuɗi. Amurka ta narkar da fiye da dala biliyan 80 kan dakarun Afganistan, da yawansu sunaye ne kawai a takardar albashi. A Agustan 2021 rundunar ta watse cikin 'yan kwanaki, don babu gwamnatin da sojan ƙasar ke ganin ta cancanci ya mutu dominta.

Majalisun dokoki su kafa wa tallafi ƙasan da ba za a sauko daga gare shi ba. Duk ministan da ke son tankokin yaƙi ya fito ya nemi ƙarin haraji a gaban masu zaɓe.