Kawu ya ce John Wayne, ni na ce Clint Eastwood

Daren jiya shayi ya huce a hannunmu a majalisa saboda gardamar fim ɗin kaboyi. Kawuna, wanda ya yi zamanin shiga silima a Kano tun ana kashe sule da sisi, ya kafe a kan cewa ba a taɓa yin kaboyi kamar John Wayne ba. Wai Clint Eastwood ba ɗan wasa ba ne, abin da ya iya kawai ƙanƙance ido da tauna taba. Na ce, "Kawu, Allah ya huci zuciyarka, yau kam ba zan bi bayanka ba." Ya ce in kawo hujja. Kafin in kai ƙarshe yayyafi ya watsa mu, shi ya sa na biyo ta nan.

Ba na raina John Wayne. Tun fim ɗin Stagecoach na 1939 yake jan zarensa har ya rasu a 1979, kuma ya ci kyautar Oscar da True Grit na 1969. Ga tsawo, ga murya, ga tafiyar nan tasa ta ƙasaita. Amma a yawancin fina-finansa, da ya bayyana ka san gaskiya tana wajensa. In ya harbi mutum, to mutumin ne ya jawo wa kansa. Sau da yawa kuma waɗanda ake kaɗowa daga kan dawakai 'yan asalin ƙasar ne da aka zo aka tarar a ƙasarsu, mu kuma muna ta tafi muna yara, ba mu san wa muke yi wa tafi ba. The Searchers na 1956 ne na cire, don a nan ya yarda ya fito da baƙar zuciya, kuma a ganina duk aikinsa babu na biyunsa.

Eastwood ta wata ƙofa ya shigo. Yana ɗan wasan talabijin a shirin Rawhide wani darakta ɗan Italiya, Sergio Leone, ya ɗauke shi a kan dala 15,000, aka tafi da shi Sifaniya aka yi A Fistful of Dollars a 1964. Wato ƙurar nan da tsaunukan da muke ɗauka Amurka ce, Sifaniya ce. Labarin ma na wani fim ɗin Japan ne na Akira Kurosawa aka kwaso ba izini, har sai da magana ta kai ga shari'a aka biya. Amma abin da ya fito daga wannan haɗin gambiza shi ne jarumin da ba ya wa'azi, ba ya riya cewa don Allah yake yi. Kuɗi ya zo nema, kuma bai ɓoye ba.

Ku koma ku kalli The Good, the Bad and the Ugly na 1966 da idon manya. Eastwood ne aka laƙaba wa "na kirki", amma mene ne sana'arsa? Ya kama Tuco, wani ɗan fashi da ake nema, ya kai wa hukuma ya karɓi lada, a zo rataye shi, ya harbe igiyar daga nesa, su gudu su raba kuɗin, gobe su sake a wani gari. Ranar da ya gaji da cinikin, a tsakiyar hamada ya yar da abokin nasa ba doki ba ruwa. Sannan a zo maƙabartar nan ta ƙarshe, inda aka binne zinaren dala 200,000. Mutum uku a tsaye a da'ira, kiɗan Ennio Morricone yana ta hawa, kyamara daga ido sai hannu, daga hannu sai bindiga. Na tuna ranar da na fara ganinsa a gidan kallo, kaset ne, hoton ma yana rawa, mun fi mu talatin a kan benci amma ba mai ko tari. Ashe duk zufar da muke yi a banza ce. Gogan naka ya riga ya zare harsasan bindigar Tuco tun da dare, ya san mutum ɗaya kawai zai harba. Na kirkin ke nan! Kuma shi ɗin ne dai, ana saura kaɗan a kai nan, ya tsaya kan wani yaron soja da ke gargara, ya lulluɓe shi da kwat ɗinsa, ya sa masa taba a baki ya zuƙa kafin rai ya yi halinsa. Ko kalma bai ce ba. Kawu, in wannan ba iya wasa ba ne, mene ne?

Zan dai yarda da abu guda: a fim ɗin nan Eli Wallach da ya fito a Tuco ya fi kowa cin kasuwa. Duk dariyar da tausayin a wajensa suke.

John Wayne da kansa bai ji daɗin salon ba. Eastwood ya ba da labari cewa bayan High Plains Drifter na 1973, Wayne ya aiko masa da wasiƙa yana ƙorafin cewa ba haka mutanen da suka kafa yammacin Amurka suke ba. Ka ga ashe gardamar Kawu tsohuwa ce.

Inda na fi sallama wa Eastwood shi ne Unforgiven na 1992. Ya sayi labarin ya ajiye shekaru, sai da ya haura 60 ya yi shi, shi ne darakta shi ne jarumi. Tsohon makashi ne da ya tuba, matarsa ta mutu ta bar shi da yara biyu da aladu marasa lafiya. Talauci ya sa ya koma kisa don ladan dala 1,000 da wasu karuwai suka tara, bayan an tsattsaga wa 'yar'uwarsu fuska da wuƙa. Ya kafa gwangwani ya yi ta harbi bai samu ba. Ya zo hawa doki ya faɗi tim a ƙasa, a gaban 'ya'yansa. Mutumin da muka sani yana kayar da huɗu kafin ka ƙifta ido!

Akwai wajen da ya harbi wani saurayi a ciki daga kan dutse. Yaron bai mutu nan take ba, yana kwance yana kukan ƙishirwa. Shi makashin ne ya kasa jurewa, ya ɗaga murya ya ce wa abokan yaron su kai masa ruwa, ba zai harbe su ba. Lokacin da na fara kallonsa ina saurayi haushi na ji, na ce an lalata mana jarumi, an cika surutu. Da na sake kallo bara, da furfura a gemuna, kashe sautin na yi a wajen nan na zauna shiru na ɗan lokaci. Fim ɗin ya ci Oscar huɗu, har da na fim mafi kyau da na darakta, kuma a ƙarshensa ya rubuta sadaukarwa ga Sergio da Don, wato Leone da Don Siegel, iyayen gidansa biyu a sana'ar.

Na tura wa Kawu fim ɗin a waya yau da safe. Ya kira ni bayan la'asar, na ɗauka zai ce na yi gaskiya. Sai ya ce, "Kai yaro, John Wayne bai taɓa faɗowa daga doki a gaban yara ba." Ranar Asabar za mu ci gaba, ya ce in zo da sukari.