Malamin Yale da Ya Tsare Mutuncin Wasan Besbol

Na karanta wani rahoto da ya tuna da Bart Giamatti, tsohon shugaban hukumar wasan besbol ta Amurka, kuma na gode wa marubucinsa, amma ina ganin ya taƙaita tarihin Giamatti da ya tsaya a kan korar Pete Rose kaɗai, wato shahararren ɗan wasan da Giamatti ya haramta wa harkar besbol saboda caca a kan wasanni. Kafin ya zama kwamishinan wasan besbol na Amurka a watan Afrilun 1989, malamin adabi ne a Jami'ar Yale, wanda ya yi shekaru yana karantar da ɗalibai waƙoƙin Turai na ƙarnonin baya, har ya shugabanci jami'ar daga 1978 zuwa 1986.

Ƙaunarsa ga ƙungiyar besbol ta Boston Red Sox ta samo asali tun yana yaro a Massachusetts, kuma a rubutunsa ya bayyana yadda yake kasa kunne ga rediyo a ranar ƙarshe ta kakar wasa, zuciyarsa cike da ɓacin rai. Wannan ƙauna da yake wa wasan ce, a ganina, ta hana shi kawar da kai a kan cacar Rose. Kwana takwas bayan hukuncin korar, bugun zuciya ya yi ajalin Giamatti yana da shekara 51, ya bar 'ya'ya uku, cikinsu har da ɗan fim Paul Giamatti.