Fitila da madubi ba sa ba babur lamba

Mutane da yawa sun ɗauka cewa idan an shigo da ƙaramin babur na hawan daji daga waje, da an ɗaura masa fitila da sigina da madubi, shi ke nan ya cancanci lamba. Ba haka ba ne.

Ma'aikacin rajista takardu yake fara dubawa: shaidar kwastam, takardar saye, sai lambar da aka buga a wuyan firam. Tun 1981 lambar nan ta koma haruffa da alƙaluma 17 a Amurka, don haka tsohon ƙaramin babur irin Honda CT70 na shekarun 1970 tasa gajera ce, ana iya neman ƙarin shaida. In kuwa kamfani ya rubuta cewa babur ɗin na daji ne kawai, a ƙasashe da dama fitila ba ta goge wannan.

Abin mamaki ma, wani sai ya cire injin asali na CT70 mai cc 72 (cc ma'aunin girman inji ne) ya sa mai cc 125 kafin rajista. Lambar inji ta saɓa wa takarda, ga birkin asali da ba a yi shi don wannan gudun ba. A fara gama rajista. Duk canjin inji daga baya a kai a rubuta.