Karen da ke kan kujera da farar fatar da ke kan allo

A tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa da nake bi kullum a birnin Liyon na Faransa, an taɓa manna wani ƙaton hoton tallan inshorar gida: uba da uwa da yara biyu zaune a falo, ga kare kwance kan kujera ya ɗora kansa a cinyar yarinyar. Abokin aikina Bafaranshe kwanciyar hankali ya gani da iyali mai zaman lafiya, ni kuwa da na tashi a Maradi, abin da ya fara faɗo mini shi ne najasa da tunanin inda mutanen gidan za su shimfiɗa darduma.

Wannan shi ne abin da masu ilimin nazarin alamomi, wato semiyotik, suke nufi idan suka bambanta abin da ido ya gani da ma'anar da al'ada ta ɗora masa. A 1964 Roland Barthes, wani masanin wannan ilimi ɗan Faransa, ya feɗe hoton tallan taliyar kamfanin Panzani na Faransa, inda aka nuna jakar raga ta cefane a buɗe, ga taliya da tumatir da tattasai da albasa suna zubowa, cikin launin ja da kore da rawaya. Ya ce abin da ake sayarwa a hoton shi ne Italiyanci, wato kamannin Italiya, irin wanda Bafaranshe yake ƙiyastawa a ransa, wanda shi kansa ɗan Italiya da kyar zai lura da shi, domin a wurinsa tumatir kayan miya ne kawai.

Karen nan ne ya sa na fara yi wa tallanmu na gida irin wannan kallo. Akwai alamomin da masu talla suka ɗauko daga cikinmu da gaskiya, kamar uwargida da ɗankwali tana buɗe tukunya tururi na tashi, ko yara kewaye da kwano ɗaya kowa na ci da hannun dama, kuma babu mai talla mai hankali da zai nuna ana miƙa abu da hagu. Amma abin da ya dame ni shi ne allunan sabulu da man shafawa da nake gani duk lokacin da na je hutu. Kusan kullum macen da ke jikinsu fara ce sol, ga gwal a wuya, ga mota ko kantamemen gida a bayanta. Babu wanda ya rubuta cewa hasken fata shi ne arziki da samun miji, amma an jera abubuwan kusa da juna har ido ya saba haɗa su.

Ƙanwata mai shekara 16, baƙa kyakkyawa irin mahaifiyarmu, ta roƙe ni bara in taho mata da man da zai ƙara mata haske. Da na tambaye ta wa ya ce mata launinta yana da aibu, sai ta yi shiru, ta ce babu kowa.